Giyabos ɗin da Aka Musanya Mini

Motar a-kori-kura ce ƙirar Faransa, irin wadda mutanenmu ke kira fo-o-fo. Mahaifina ya sayo ta hannu na biyu daga ƙetaren iyaka tun ina ɗan firamare, a kanta ya koya mini tuƙi, da ya rasu kuma ta faɗo a rabona domin a cikin 'yan'uwana babu wanda ya so ta. Aikin koyarwa na yi har na yi ritaya, amma duk Asabar da Lahadi da lokacin hutu ina bayan sitiyarinta, ina kwaso shinkafa daga fadamar Kaoje ko in kai masu kifi kasuwa. Da na ajiye alli sai ta zama sana'ata gaba ɗaya, na shiga layin lodi a tashar Bagudo kamar kowane direba.

Sandar giyarta a jikin sitiyari take, kuma tsarinta ba irin na sauran motoci ba ne. In za ka tashi, sai ka jawo sandar wajenka ka danna ƙasa, ita ce giya ɗaya. In ka jawo ta wajenka ka ɗaga sama, ribas ka sa. A motocin da direbobin yanzu suka sani kuwa, wannan wuri na sama nan ne giya ɗaya take. Shi ya sa ban taɓa ba kowa aron ta ba. Direbobin da suka san irinta duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage a tasha kuma ta girme su.

Wata damina sai giya uku ta fara fita da kanta. Ina cikin tafiya sai in ji injin ya yi kuka a banza, sandar ta faɗo tsakiya. Na jima ina riƙe ta da hannu, har na ga abin ya fi ƙarfin haƙuri, na kai ta garejin da ke jikin tasha. Mai garejin mutum ne da bai wuce arba'in ba, na taɓa koyar da ƙannensa, kuma kowa ya yarda ya iya aiki. Da kansa ya karɓi makulli ya shigar da ita, bayan na nuna masa yadda ake sa giyar.

"Malam, kwana huɗu ka dawo," in ji shi.

Sai da ta yi sati uku. Kullum na je sai ya ce wani ƙaramin ƙarfe ake jira daga Birnin Kabi.

Ranar da na je ɗauka ranar kasuwa ce, da hantsi, tasha cike. Na tarar an wanke ta an fito da ita, an ajiye hancinta yana kallon rumfar da shugaban direbobi ke zama, wanda muke ce wa Ciyaman. Sabon babur ɗinsa yana jingine a bakin rumfar. Na shiga, na yi bisimilla, na tayar. Na taka kuloci na ji ya yi laushi fiye da yadda na sani, na ɗauka giris aka sa. Na jawo sanda wajena na ɗaga sama, na waiwaya baya ta taga kamar yadda na saba yi tun ina saurayi, na saki kuloci.

Motar ta yi gaba.

Kafin ƙafata ta sami birki ta riga ta ture babur ɗin ta danne ƙafarsa ta gaba, ta kawar da ginshiƙi ɗaya na rumfar. Kwanon rufin ya zubo, mutane suka watse, wani ya faɗa cikin kwata. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Da aka ga ba jini sai dariya ta ɓarke, har da masu ɗaga waya suna ɗauka.

Na fito na ce, "Ribas na sa. Wallahi ribas na sa."

Ciyaman ya dube ni ya dubi babur ɗinsa. Mutum ne mai jiki, mai sanyin murya, ba ya saurin faɗa. Ya ce, "Malam, bari in gani." Ya shiga motar, abin da ban taɓa bari wani direba ya yi ba, ya kama sanda ya kai ta sama, motar ta motsa gaba kaɗan. Ya laluba ya sami ribas a can wani lungu nesa da shi, ta ja baya lafiya lau. Ya fito yana goge hannu.

"Giya ɗaya tana inda take ga kowace mota, Malam. Kai ne ka manta."

Na juya wajen mai gareji na ce, "Gaya musu. Kai na nuna wa da hannuna ranar da na kawo ta."

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumma. Ya ce, "Ni dai giyarka na gyara, Malam. Ban san wani abu ba bayan wannan."

A nan take Ciyaman ya yanke hukunci a gaban kowa, da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce shekaru sun ja, ba abin kunya ba ne, amma ba zai iya barin in ɗauki ɗiyan mutane ko kayansu daga tashar nan ba. Ya ce in je in huta, na yi wa gari aiki. Wani daga baya ya ce a kai ni asibiti a duba ƙwaƙwalwata. Na tuƙo motar zuwa gida kamar ɗan koyo, ina laluben giya, sau biyu tana mutuwa a hanya.

Kafin la'asar hoton abin ya zaga wayoyin gari. Mai ɗakina ta riga ta gani a wayar maƙwabciya kafin in buɗe baki. Ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin tabarma. Na gaya mata yadda aka yi, sannan na faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, na ce watakila gaskiyarsu ne, watakila kaina ne ya fara juyawa.

Ta ce, "Malam, tun ina amarya nike zama gefenka cikin wagga mota. In za ka koma baya, hannunka sama yake zuwa, har gwiwar hannunka tana taɓa kafaɗata. Ni ban iya tuƙi ba, amma wannan na sani. In kai ka manta, ni ban manta ba."

Na tashi na ɗauko tabarmar buhu na shimfiɗa a ƙarƙashin motar na kwanta. Abin da na gani ya sa na daina zargin kaina. Ƙarfen da ke tallafe da giyabos, wato akwatin giyar, an yanke shi an yi masa sabuwar walda, ko fenti ba a shafa ba. Giyabos ɗin kanta ba wadda na sani ba ce. Tamu dunƙule take, baƙa ƙirin da tsohon mai. Wannan kuwa fara-fara ce, da layin haɗi a tsakiyarta daga gaba har baya, an shafa mata baƙin mai da ƙasa don ta yi kama da tsohuwa. Sandar kuloci ma babu ita, wani siririn bututu ne a wurinta.

Washegari na koma gareji da sassafe, kafin mutane su taru, domin ban so in kunyata mai garejin. Na ce masa na gani, so nake kawai ya gaya mini inda tawa take. Ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya ce, "Malam, giya ai giya ce. Mota tana tafiya ko ba ta tafiya?"

Na ce, "Tana tafiya. Ni ne anka tsayar."

Ya juya ya koma kan aikinsa. Na je wajen Ciyaman na gaya masa, ya saurare ni kamar yadda ake sauraren mara lafiya, ya ce in bar wa Allah. Ɗana da ke aiki a Sakkwato ya bugo waya ya ce a sayar da motar a huta da abin magana. Na ce masa ranar da ya sayi tasa sai ya sayar.

Wani mai sayar da tayu ya ce mini in akwai inda za a sami mai sanin irin waɗannan motoci, to Kandi ne, cikin Benin, domin can har yanzu ana lallaɓa tsofaffin motocin Faransa. Na ɗauki takarduna da 'yar jakata, na shiga motar haya zuwa Kaoje, daga nan zuwa Tsamiya, na tsallaka Segbana. A Segbana masu sayar da kayan mota uku na tambaya. Duk suka fito mini da irin wadda aka sa mini, suna cewa ai duk ɗaya ce. Su can buwat suke ce wa giyabos. Ɗayansu har ya fusata, ya ce me tsoho zai yi da abin da aka daina tun kafin a haife shi. Na ce masa ni ma an daina yin irina, ga ni kuma a tsaye. Na wuce Kandi.

A bayan gari aka nuna mini wani fili da gawarwakin motoci a jere, ciyawa ta fito ta cikin tagoginsu. Mai wurin dattijo ne Badende, ɗan ƙabilar Dendi ta yankin, ya girme ni nesa ba kusa ba, siriri, yana jin Hausa sosai amma da karin harshensu. Na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba, ko a wurin babur. Ya ɗauki tsinke ya zana layuka a ƙasa, zane biyu gefe da gefe.

"Mota ɗaya, buwat biyu," in ji shi. "Wagga ta farko ce, ribas da giya ɗaya suna fuskantar juna, giya huɗu tana can waje ita kaɗai. Daga baya sunka canja, sunka yi wagga, don ta yi daidai da hannun kowa. Jikin mota bai canja ba, shi ya sa yara ke cewa duk ɗaya ne."

Ya kai ni wata rumfa ya yaye buhu daga kan ƙarafa biyu. Ya nuna mini yadda ta farko take gida guda, ta bayan kuwa ɓari biyu ce aka haɗa kamar ƙwarya da murfinta. Ya nuna mini inda sandar kuloci ke shiga a ta farko, da inda aka mai da shi na mai a ta baya. Ya sa na ɗaga kowacce da hannu don in ji bambancin nauyi. Sannan ya gaya mini abin da ban zata ba. Ya ce akwai mutanen Kwatano da ke yawo ƙauye-ƙauye suna neman ta farkon, suna tura wa Turawa masu tara tsofaffin motoci, waɗanda ba sa son ko noti ɗaya da ba na asali ba. Ya ce ɗayansu ya biyo ta wurinsa kwanan baya, ya ce masa Najeriya ya nufa.

"Taka ta yi nisa yanzu," in ji shi. "Amma in gaya maka gaskiya, wadda anka sa maka ta fi. Ta fi laushi, ba ta kuka, kayanta suna ko'ina. Wanda ya cuce ka bai ba ka mugun abu ba."

Na ce, "Na sani, Baba. Na ji laushinta a hanya. Da ya tambaye ni, watakila da na yarda. Amma ya bari an ce kaina ya taɓu a gaban mutanen da na koya wa karatu. Ta farkon nike so."

Ya ce ita kaɗai ta rage masa, kuma mutumin Kwatano ya nema ya hana shi. Ya zaunar da ni a kan benci, ya miƙo mini guntun ƙarfe ya ce in riƙe a gefen dama kamar sandar giya, in tuƙa ya gani. Na rufe ido. Na jawo na danna ƙasa, na saki na ɗaga biyu, na sauko uku, na tura waje na ɗaga huɗu, har da ɗan tsayawar nan da ake yi a tsakiya kafin huɗu ta yarda ta shiga. Da na buɗe ido na ga yana murmushi da 'yan haƙoran da suka rage masa.

"Wanga hannu bai manta komi ba," in ji shi. "Ɗauki. Amma ba ni barin wani ya ɗaura ta. Na daɗe ban ci kifin kogin Kwara ba, tare za mu tafi."

Muka naɗe ta a buhu biyu, da sandar kuloci da sauran ƙananan ƙarafanta a cikin wani tsohon bokiti. A iyaka ma'aikaci ya sa aka kwance, ya leƙa, ya tambaya ko kayan gwangwan ne za mu kai awo. Dattijon ya ce masa wannan ƙarfe ya girmi ubansa, don haka ya yi wa ƙarfen magana da ladabi. Ma'aikacin ya yi dariya ya ce mu wuce.

Kwana huɗu muka yi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidana. Maƙwabta biyu suka taya mu da igiya da gungume wajen saukewa da ɗagawa. Dattijon ba ya gaggawa. Kowane noti sai ya wanke shi da kananzir ya duba shi a rana. Da ya ga waldar da aka yi sai ya yi tsaki, ya ce aikin mai hannu ne, abin takaicin ke nan. Mai ɗakina tana yi masa miyar kifi safe da rana, yana ci yana ba ta labarin hanyoyin da ya bi da irin wannan mota a ƙuruciyarsa. Ranar da muka gama muka fita gwaji hanyar Matsinkai. Kuloci ya dawo da taurinsa, giya huɗu tana 'yar ƙara kamar ana busa a bakin kwalba. Ban taɓa jin daɗin ƙarar ƙarfe kamar ranar ba.

Na jira ranar kasuwa. Na ɗora giyabos ɗin da aka musanya mini a baya, dattijon yana gefena, muka shiga tasha da hantsi. Na juya motar na ajiye ta, bayanta saura taku ɗaya ya taɓa bangon gareji, daidai inda mai garejin ke jera gilasan motocin mutane. Na kashe na fito. Mutane suka fara taruwa, wayoyi suka fito.

Ciyaman ya taso ya ce, "Malam, ai mun yi magana."

Na ce, "Ba lodi na zo ba. Alfarma ɗaya nike roƙo. Ka shiga ka zauna a gefen direba, shi kuma wanda ya gyara ta ya matsar mini da ita gaba kaɗan. In ya yi, ba ka ƙara ganina."

Mai gareji ya ce yana da aiki. Ciyaman ya ce masa abin minti ɗaya ne, ya zo a rabu lafiya. Ya zo yana jan ƙafa. Ya zauna, ya taka kuloci, na ga fuskarsa ta canja, domin ƙafarsa ta gaya masa abin da ke ƙasa. Ya tayar. Ya ɗora hannu a kan sanda ya tsaya. Ya dubi madubi, ya ga bango da gilasai. In ya ɗaga sama, inda ya bari aka ce nan ne giya ɗaya, ya san abin da zai biyo baya. Ya daɗe a haka, har wani ya ce ko ya yi barci ne. Sannan ya jawo sandar ya danna ƙasa, motar ta yi gaba sumul.

Ciyaman ya ce, "Kai, da giya biyu ka tashi?"

"Ɗaya ce," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"To sama fa?"

"Ribas."

Ciyaman ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "Ashe ka sani."

Ba a yi dariya ba wannan karon. Ni da dattijon da wani ɗan dako muka sauke farar giyabos muka ajiye a ƙofar gareji. Na ce wa mai ita ga kayansa nan, ba na riƙe abin da ba nawa ba. Ciyaman ya fito ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce magana ta wuce, gobe in zo a sa ni a farkon layi. Na ce masa a gaban mutane ya ce na tsufa, a gaban mutane nake so ya janye. Ya yi murmushi ya ce ai kowa ya gani da idonsa. Na ce kowa ya gani, amma ni bakinsa nake jira. Bai faɗa ba. Har yau bai faɗa ba, ni ma har yau ban koma layinsa ba. Na gyara masa babur tun a satin farko, domin motata ce ta taka shi, wannan ba gardama.

Na mai da dattijon har Segbana da buhun shinkafa da busasshen kifi. Lodi kuwa ban rasa ba. Manoman Kaoje da Kurgu suna kirana a waya, ina zuwa har bakin gona, inda manyan motoci ba sa iya shiga in ƙasa ta jiƙe. Mai gareji ya zo gidana sau ɗaya bayan sallar Juma'a, ya tsuguna ya nemi gafara. Ya ce da farko ya ga gyaran ba zai yiwu ba sai da kayan da babu su, sai ga mai saye ya zo, ya ce a ransa ai alheri ma zai yi mini. Ranar babur kuma tsoro ya kama shi. Na yafe masa tsakanina da Allah, amma na gaya masa ko iska ba zai ƙara sa wa tayata ba.

Bayan girbi sai ga wani baƙo a ƙofar gida, cikin ƙananan kaya masu tsabta, da tafinta a gefensa. Daga Kwatano yake. Ya zagaya motar sau uku, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi yana gyaɗa kai. Tafinta ya ce gaba ɗayanta yake so, in faɗi abin da nake buƙata, har da sabuwar mota in ina so. Na sa aka kawo musu ruwa suka sha. Na ce a gaya masa ba ta sayarwa ba ce. Ya ce in yi tunani, zai dawo. Na ce in zai dawo ya bari sai ya ji labarin mutuwata, sannan ya zo ya yi ciniki da mai ɗakina.

Tana daga cikin zaure tana jin mu. Ta ɗaga murya ta ce, "A gaya mishi kada ya wahal da kainai."

Tafinta ya fassara. Baƙon ya yi dariya, ya sa hularsa, suka tafi. Ni kuma ina da buhu ashirin da ke jirana a Kurgu kafin azahar, sai na shiga na tayar.